Farar wutar da ke cikin kwal ta ƙi fita, ina neman shawara

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masana kimiyyar sinadarai. Ɗalibi ne ni a nan Katsina, ina aikin kammala digiri kan cire farar wuta daga kwal, kuma wata biyu ke nan na cije wuri guda.

Kwal ɗin daga Maiganga ta jihar Gombe aka kawo mini. Na daka shi ya zama gari, na wanke da ruwan asid na HCl domin fitar da salfet, wato gishirin farar wuta, sannan na jiƙa shi a ruwan H2O2 (hydrogen peroxide). Nan na ga aiki, don ruwan ya yi kumfa, kwalbar ta ɗau zafi, alamar ƙwayoyin FeS2, wato ma'adinin ƙarfe da farar wuta, na narkewa. Daga nan na dafa shi a ruwan NaOH (soda mai ƙuna) a zafin digiri 90 na Celsius har awa 2.

Da na auna ta hanyar Eschka, wadda ake gano jimillar farar wuta da ita, farar wutar ta ragu, amma kaɗan. Zargina shi ne ragowar tana ɗaure da kabon a jikin kwal ɗin kansa, inda wanki ba ya kaiwa. Na san narkakken NaOH da ɗan'uwansa KOH a wajen digiri 370 yana ɓalle ta, sai dai tandarmu ba ta jure hakan, wutar lantarki ma ba ta zama. Na gwada ruwan asid na HNO3, ya ci kwal ɗin har ƙarfin zafinsa ya faɗi.

Don Allah, akwai hanyar da za a bi da ƙaramin zafi? Ko kuwa wankin ƙarshe nake kuskurewa, salfet na komawa cikin garin? Abin ya dame ni ƙwarai, don hayaƙin SO2, wanda farar wuta ke fitarwa idan ta ƙone, nake son rage wa masu girki da curin kwal. Allah Ya saka da alheri.