Kwamfuta ta ƙi mutuwa: me kuka tarar yana riƙe ta?

Sabon shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sati biyu ke nan, duk na kashe kwamfutata mai tsarin Ubuntu (wani nau'in Linux) sai ta tsaya a baƙin allo da rubutun "A stop job is running", tana ƙirge har daƙiƙa 90 kafin ta mutu. Wani ya ce in rage lokacin zuwa daƙiƙa 5 a /etc/systemd/system.conf in huta. Wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni labari kafin in taɓa.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, na yi, kuma na sha wuya. Idan ka ba da umarnin kashewa, systemd, mai kula da tayar da manhajoji da rufe su a tsarin, yakan tura wa kowace manhaja sigina mai suna SIGTERM, lamba 15, wato ta tattara kayanta ta fita. Wadda ta yi kunnen uwar shegu har wa'adin ya cika sai a bi ta da SIGKILL, lamba 9, kuma wannan ba ya karɓar magiya, babu manhajar da za ta iya tare shi. Ni ina da wata 'yar manhaja da ke tara bayanai a ƙwaƙwalwa, sai za ta rufe take rubuta su a faifai. Da na mayar da lokacin daƙiƙa 5, ranar da bayanan suka yi yawa aka sare ta tana tsakiyar rubutu. Aikin yini guda ya tafi. Abin haushin, ba ita ce ma ke jawo jinkirin ba tun farko. Ka kunna, ka buga umarnin duba tarihin tsarin, journalctl -b -1 -e, za ka ga ƙarshen zaman da ya wuce da sunan wanda aka jira. In bai nuna komai ba, ƙirƙiri /var/log/journal don ya riƙa ajiyewa.

Mai kula da saba: Ni tawa matsalar NFS ce, wato faifan wata kwamfuta da nake haɗawa da shi ta hanyar sadarwa. Wi-Fi ɗin na asusuna ne ni kaɗai, ina fita yake yankewa, sannan tsarin ya zo cire faifan nesa alhali hanyar ta riga ta toshe. Na mayar da haɗin na kowa da kowa, shi ke nan.

Hajiya mai Docker: Malam Tsohon hannu ya faɗi gaskiya, sai dai a Docker, wanda ke gudanar da manhaja a keɓe cikin abin da ake kira kwantena, haƙurin bai kai haka ba, daƙiƙa 10 ne kacal. Na daɗe ina ganin kwantena tana fita da lamba 137 ban kula ba, ashe 128 ne a tara da 9, wato kullum yanka ake mata. Ita manhajar ba ta da laifi. Da rubutun shell, wato jerin umarni, nake tayar da ita, shi ya zama PID 1, aiki na farko a cikin kwantenar wanda Docker ke tura wa sigina, sigina ya zo gare shi ya zauna a kai bai miƙa ba. Kalmar exec na ƙara a gaban umarnin don manhajar ta maye gurbin shell ɗin, magana ta ƙare. Kwana uku na yi ina zargin ma'ajiyar bayanai a banza.

Ɗan Windows: Ku bar mu mu ma mu sa baki. Mu namu yakan nuna allon da ke lissafa manhajojin da suka hana kashewa, ka zaɓa ko ka jira ko ka tilasta. Abin da ya ruɗa ni daban ne. Tun Windows 8 akwai Fast Startup, wanda in ka danna Shut down ba ya kashe zuciyar tsarin gaba ɗaya, adana ta yake a faifai. Direban sauti, wato manhajar da ke sarrafa na'urar sauti, ya lalace mini, ina kashewa ina kunnawa yana nan daram, sai da na danna Restart. A Event Viewer kuma, inda Windows ke ajiye tarihin abin da ya faru, lamba 1074 na nuna wanda ya nemi a kashe, 41 na nufin ba a mutu cikin tsari ba.

Sabon shiga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, na bi shawararka, kuma ɓarawon a cikin gida yake. Rubutun Python ɗina ne na kwafe fayiloli: na sa shi ya kama SIGTERM ya rubuta cewa ya gani, na manta ban ce masa ya fita ba. Na gyara, yanzu tana mutuwa cikin daƙiƙa huɗu, 90 ɗin kuma na bar shi yadda yake. Saura abu ɗaya: in ana tsakiyar kwafe babban fayil sigina ya zo, gara ya ƙarasa ko ya goge rabin ya fita?

Tsohon hannu: Ya riƙa rubutawa da sunan wucin gadi, sai ya gama ya sauya masa suna. In an sare shi a hanya, tsohon fayil ɗinka na nan lafiya.