Neman kalma kafin Juma'a: matchmaking da dedicated server

Mai Shiri: Salamu alaikum. Ranar Juma'a ina da shiri a rediyo kan wasannin bidiyo na intanet, gobe da azahar ake karɓar rubutun. Labarin 2009 zan bayar, lokacin da Call of Duty: Modern Warfare 2 ya fito a kwamfuta da matchmaking kaɗai, babu dedicated server, 'yan wasa suka yi ca a kan kamfanin. Kalmomin nan biyu sun tsaya min a wuya, yaya zan faɗe su da Hausa?

Ɗan Kwari: Ta farko ai dalilin aure ce.

Mai Shiri: Haba ɗan'uwa, a rediyo? Sai iyaye su ƙwace wayoyin yara.

Bahago: Haɗa tsara. Na'ura ce ke duba makinka, irin lissafin Elo da aka aro daga wasan ces, ta nemo maka daidai kai. Ƙwarya ta bi ƙwarya. Wasan Halo 2 ne ya yayata abin a 2004.

Tsohon Hannu: Ta biyu kuwa majalisa. Mu da muka buga Counter-Strike, jerin server ake buɗe maka ka zaɓi inda za ka shiga. Kullum fuskokin nan ne, ka san mai tsokana, ka san wanda ba ya jure kaye, kuma akwai mai wurin da zai kori mai maguɗi. Haɗa tsara fa? Minti goma da baƙi, kowa ya kama gabansa.

Injiniya: Yaya, kewa ce ke magana. Dedicated na nufin na'urar ba ta da aiki sai ɗaukar wasan. A na 2009 kwamfutar ɗaya daga cikin 'yan wasan ce ke ɗauka, in ya fita sai wasa ya tsaya a nemi wani. Yau ma wasan Valorant haɗa tsara yake yi, amma a kan sabar kamfani, wato server ɗinsu. Ba kishiyoyi ba ne. Keɓaɓɓiyar saba, shi ke nan.

Malam Nahawu: Saba? Ina uwar garke? Harshe mai miliyoyin masu magana, kullum muna bara a ƙofar Turanci.

Ɗan Kwari: Allah gafarta Malam, wane garke? Mai sauraro zai zaci shirin kiwo ne. Saba kuwa tun shari'ar zaɓen 2019 take yawo a bakin mutane.

Malam Nahawu: To majalisa ta fi. Tamu ce tsantsa.

Bahago: Larabci ce, Malam.

Malam Nahawu: Aron da ya shekara ɗaruruwa ba ɗaya yake da na jiya ba, yaro.

Ɗiyar Damagaram: Ku dai Kanawa ku yanke, ku ce Hausa ta yanke. Mu ta Faransanci kalmar ke zo muna, ba wanda ya tambaye mu.

Mai Shiri: Yi haƙuri Hajiya, ba na Kano ba ne ni ma. Lokaci ya ƙure. Na ɗauki haɗa tsara. Ta biyu zan ce keɓaɓɓiyar saba, in na zo kan wadda 'yan wasa ke riƙewa da kansu in kwatanta da majalisa.

Tsohon Hannu: Kwatance kawai? To.

Malam Nahawu: Haɗa tsara ba laifi. Sabar ce dai ban sa hannu ba, kuma zan kira waya a shirin.