Jirage 80 na Jan Baron: musayar waƙa a kan gwarazan sama

Malam Mai-Alli

Assalamu alaikum. Wannan makon sama za mu hau. Maudu'inmu matuƙan jiragen yaƙi ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, waɗanda ake ƙirga musu jiragen da suka kakkaɓo. Wanda ya kai 5 ya shiga sahun gwaraza. Ni na ɗauki Manfred von Richthofen na Jamus, wanda ake yi wa laƙabi da Jan Baron. Amsa-amo "ya".

Da sunan Allah da ya ɗaga sammai,
Ya tsai da su ba ginshiƙi, ba igiya.

Kirari zan wa Baron na Jamus,
Shaho jan gwarzo, jinin mikiya.

Da aka soma yaƙi sojan doki ne,
Mashinga ta hana dawaki tafiya.

Ya sauka daga sirdi ya hau jirgin katako,
Rufinsa yadi, ɗaurinsa waya.

Ya sa aka shafe shi da jan fenti,
Mai nemansa ya gan shi, ba ya ɓuya.

Hawker na Ingila ya tare shi a sama,
Suka yi ta zagaye, ba mai ja da baya.

Da Hawker ya karkata zai nufi gida,
Harsashin Baron ya same shi a ƙeya.

Duk jirgin da ya kayar, maƙerin Berlin
Zai ƙero masa kofin azurfa ɗaya.

Da suka kai 60 azurfa ta yanke,
Ya ƙi na wani ƙarfe, ya daina saya.

Jirage 80 aka rubuta masa,
Ba wanda ya kamo shi a yaƙin duniya.

Mai gwarzo ya fito da shi fili,
Ga ni ga shi, mu buga jayayya.

Ɗan Maraɗi

Malam, Allah ya ja kwana. Kirari ya yi daɗi, amma Faransawa ne suka buɗe wannan ƙofa tun Baron bai iya tuƙi ba.

Gafarta Malam, ka tsallake tushe,
Ka kama reshe ka bar jijiya.

Jirgi da fari ɗan leƙen asiri ne,
Ya faɗa wa igwa inda za ta juya.

In an haɗu sai libarba da bindigar kafaɗa,
Da ƙyar harsashi ke taɓa ko wutsiya.

Ga farfela tana juyi a gaban hanci,
Ka harba gaba, ka sare ta tsakiya.

Sai Roland Garros, Afrilun 1915,
Ya sa mata sulken ƙarfe don kariya.

Harsashin da ya doke ta ya zame gefe,
Sauran su wuce su sami hanya.

Jirage 3 ya kayar kafin wata ya ƙare,
Sai ya faɗa hannun Jamus, da shi da kaya.

Pégoud ne na farko da jaridu
Suka naɗa gwarzon sama a duniya.

Guynemer, shamuwa a jikin jirginsa,
53 ya kayar, jiki ba ƙwari sai zuciya.

Ya ɓace a saman Beljiyam, Satumban 1917,
Ba gawa, ba kabari, sai ta'aziyya.

In kuwa lissafi ne, ga René Fonck,
75 gare shi, 5 kacal ya rage a baya.

Sau biyu yana kayar da 6 a yini,
Harsashi kaɗan yake kashewa, don ya iya.

Naka ya kwanta a filin daga, Malam,
Nawa ya ga ƙarshen yaƙi lafiya.

Ɗan Panteka

Baba Malam, Kawu na Maraɗi, ku yi wa yaro izini. Ni inji nake fara dubawa kafin mai tuƙi. Sulken Garros dabarar wucin gadi ce, don duk harsashin da ya doki farfela sai ya jijjiga inji. Abin da ya sauya yaƙin shi ne na kamfanin Anthony Fokker, mai ƙera wa Jamus jirage, a 1915. An haɗa kunamar bindiga da juyin inji ta hanyar wani ɗan tudu a jikin ƙarfen da ke juyawa, yana tura sanda, sandar ta taɓa kunama. Bindiga ba ta tashi sai reshen farfela ya kauce daga bakinta. Duk wanda ya taɓa saita taimin ɗin mota ya gane abin da nake nufi.

Inji ke ba bindiga izinin magana,
Farfela ta gifta, harsashi ya bi baya.

Matuƙi ya saita hancin jirgi kawai,
Jirgin da kansa ya zama kibiya.

Da shi Immelmann da Boelcke suka yi suna,
Watanni Ingila da Faransa na shan wuya.

Wasu injunan tare da farfela suke juyi,
Silinda da komai, gaba ɗaya.

Man zurma suke sha, su yi ta feshi,
Ya wanke fuskar matuƙi har wuya.

Ba rufi a kansa, sanyi na yankan yatsu,
Yana goge tabarau yana neman hanya.

In bindiga ta cije sai ɗan guduma,
Hannu ɗaya na tuƙi, yana bugu da ɗaya.

Tankin fetur na maƙwabtaka da shi,
Tartsatsi kaɗan, sai wuta har wutsiya.

Kafin ku yabi mai hawa, iyayena,
Bakaniken da ya kwana gyara na bin ku godiya.

Gwaggo 'Yar Zazzau

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, kai ka kawo maganar wuta. Malam, a yi mini afuwa, zan sauya amsa-amo zuwa "ba". Abin da ke raina da ita zai fita.

Kuna ta ƙirga 80 da 75,
Ban ji wanda ya ƙirga uwaye ba.

Kofin azurfar nan da Malam ya yaba,
Jinin ɗan wata ne a ciki, ba ruwa ba.

Albert Ball na Ingila shekara 20,
Voss na Jamus bai ɗara haka ba.

Guynemer 22, shi Baron 25,
Ko ɗayansu bai ga furfura ba.

Indra Lal Roy na Indiya ya kayar da 10,
Ya rasu bai cika shekara 20 ba.

Afrilun 1917, a saman Arras,
Ingila ta ga asarar da ba ta saba ba.

Jirage 245 a wata guda,
Yara da yawa ba su ƙware a tuƙi ba.

Wa ke cika wa gwarzo lissafinsa?
Galibi sabon shiga ne, ba tsohon hannu ba.

Da jirgin hoto mai nauyin tashi,
Mutum biyu ciki, bai san gudu ba.

Mannock na Birtaniya gwarzo ne shi ma,
Sunansa bai ɓace a littafi ba.

Libarba na tare da shi in zai tashi,
Don kansa ya tanada, ba don Jamus ba.

Tsoronsa wuta ta kama shi a sama,
Ita ce kuwa ta ci shi, ba ta bar shi ba.

Masu leƙe daga balan-balan an ba su laima,
Matuƙan Ingila ba a ba su ba.

Jamus sai 1918 ta raba wa nata,
Udet ya diro da ita, bai mutu ba.

Malam Mai-Alli

Hajiya, shekarun yaran nan haka suke, ban musa ko ɗaya ba. Amma jirgin hoton da kika tausaya wa, a duba aikin da ya fito yi. Na bi ki a amsa-amonki.

Jirgin hoton nan idon igwa ne,
Bai tashi don shan iska ba.

In ya koma gida da hoton ramuka,
Gobe sai ruwan wuta, ba na damina ba.

Wanda ya kayar da shi ya ceci na rami,
Mutanen da bai ko san sunansu ba.

Wannan shi ne aikin, Hajiya,
Kofi da lamba ƙari ne, ba su ne ba.

Boelcke malamin Baron ya bar ƙa'ida 8,
Farauta ya koyar, ba dambe ba.

Ka sa rana a bayanka, ka zo ta baya,
Kar ka saki wuta in ba ka matso ba.

In ka tsallaka yankin abokan gaba,
Ka san hanyar fita, ba ta shiga kaɗai ba.

Jirage 40 ya kayar, Oktoban 1916
Ajali ya zo, ba kuwa ta harsashi ba.

Jirgin abokinsa ya goge shi a sama,
Fiffike ya yage, bai sauka da rai ba.

Ɗan Maraɗi

Yaya Hajiya ta taɓo inda nake so. Shi kansa lissafin ba da ma'auni ɗaya aka yi shi ba. Faransa ba ta rubuta wa matuƙi jirgi sai da shaidu, shi ya sa Fonck, wanda ya rayu har 1953, ya dage cewa nasa sun wuce 75 nesa ba kusa ba. Jamus kowane jirgi mutum ɗaya take ba. Ingila kuwa tana lissafa har jirgin da aka ga ya rikito ba a ga faɗuwarsa ba, tana kuma raba nasara ɗaya ga matuƙa da yawa. Har gobe masana na gardama a kan 72 na Billy Bishop ɗan Kanada. To me ya sa aka damu da ƙirgar haka?

Ranar farko a dagar kogin Som, 1 ga Yulin 1916,
Sojan Birtaniya sama da 19,000 ba su wayi gari ba.

Wa zai ɗora wannan a bangon jarida,
Ya ce wa iyaye ba a yi asara ba?

Jarida saurayi take so da lambar yabo,
Ba laka da ƙwarƙwata da ramuka ba.

A Jamus har katin hotonsu ake sayarwa,
Na cikin rami ba a san fuskarsa ba.

Ɗan Panteka

Baba Malam, saura ranar ƙarshe, ita ce ba a waƙe ba. 21 ga Afrilun 1918, kusa da kogin Som, Baron na cikin jan jirginsa mai hawa uku na fukafukai, ya biyo wani sabon matuƙi ɗan Kanada mai suna Wilfrid May. Ya bi shi ƙasa-ƙasa har cikin yankin abokan gaba. Kyaftin Roy Brown ya rufto daga sama ya yi harbi ya wuce, sojojin Ostareliya kuma na ta ɓarin wuta daga ƙasa. Rundunar saman Birtaniya Brown ta rubuta wa. Yawancin masu bincike yanzu na ƙasa suke ba, sunan Sajan Cedric Popkin ya fi fitowa.

Ɗalibi ya saɓa ƙa'idar malaminsa,
Ya bi yaro ƙasa, bai waiwaya ba.

Harsashi ɗaya ya shiga ta dama,
Ya fita ƙirjin hagu, sama ya yi, ba ƙasa ba.

Brown ta sama ya zo, ta baya,
Kusurwar raunin ba ta nuna shi ba.

Ni dai na ba wa 'yan Ostareliya,
Ko da hukuma ba ta ba su ba.

Malam Mai-Alli

Ɗana, hujjarka ta kusurwa ta zauna, ni ma can na karkata. A ƙara da cewa washegari 'yan Ostareliya ne suka binne shi a Bertangles da faretin girmamawa, matuƙa suka ɗauki akwatin gawarsa.

Gwaggo 'Yar Zazzau

Malam, kowa ya kawo gwarzonsa, ni ban kawo ba tukuna. Yaron nan da aka biyo ran nan shi na ɗauka. Amsa-amo "wa".

Wilfrid May da ya tsira a Som,
Ya koma Kanada bayan fafatawa.

Ya ci gaba da tuƙi a dajin ƙanƙara,
Wasiƙu da kaya yake kaiwa.

Disamban 1928 mashaƙo ya ɓulla,
Can arewacin Alberta, nesa da kowa.

Saƙo ya yi kwanaki a kan hanya,
Kafin ya kai inda waya ke bugawa.

Shi da Vic Horner suka hau ƙaramin jirgi,
Ba rufi, ga sanyi mai daskarewa.

Suka lulluɓe maganin da kyau a baya,
Don in ya daskare ba ya warkarwa.

Washegari suka sauka Fort Vermilion,
Likita ya karɓa ya shiga rabawa.

Da suka juyo Edmonton bayan kwanaki,
Dubban mutane na fili suna tafawa.