Addu'ar gida-gida tamu ta koma gasar girki, yaya za mu yi?

Maman Biyu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema. Bara dattawan ikilisiyarmu suka raba mu rukuni-rukuni bisa unguwa, don mun yi yawa, mutum sai ya yi wata bai zo sujada ba, babu wanda ya lura. Mu a layinmu gida 14 ne, kowace Laraba ƙarfe biyar sai mu haɗu a gidan ɗayanmu, waƙa biyu, karatu, addu'a.

Wadda muka fara da gidanta ruwan randa ta kawo. Ta biyu zoɓo da cincin. Kafin layi ya zo kaina an kai ga shinkafa da kaji da lemon kwalba. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na ci bashi wurin mai shago don kada a ce na gaza. Akwai wata gwauruwa mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya huɗu, ranar nata ta aiko yaro wai jikinta babu daɗi. Da yamma na gan ta a bakin famfo garau. Tun daga ranar ba ta sake zuwa ba. Yanzu gida biyar muka rage. Mu rufe abin ne, ko da gyara?

Tsohuwar 'Yar Zumunta:
'Yata, kada ku rufe. Tukunyar za ku sauke. Na fi shekara 30 a Zumuntar Mata, na sha ganin wannan ciwon. Ku tsai da doka: ruwa kawai, ko gidan wa aka je. Amma kada ke ki kawo maganar, za a ce talauci ne ya sa ki. Ki sami wadda ta fara yanka kajin, ki roƙe ta ita ta faɗa da bakinta. Gwauruwar nan kuma kada ku tafi mata a ayari, kunya za ku ƙara mata. Ki je ke kaɗai, ki gaya mata bashin da kika ci.

Malamin Lahadi:
Mama ta gama magana. Ƙarin bayani kawai: Ayyukan Manzanni 2:46 ya ce masu bi na farko suna cin abinci gida-gida, saboda haka cin ba laifi ba ne. Sai dai ku duba 1 Korantiyawa 11, inda Bulus ya tsawata wa waɗanda suke ƙoshi a taro, wasu na jin yunwa, ana kunyata marasa shi. Abin da ya same ku ke nan.

Ƙananan ƙungiyoyin John Wesley, wanda ya assasa ikilisiyar Methodist, su ma da kuɗi suka fara. A 1742 a Bristol ta Ingila, bashin ginin ɗakin taro ya sa aka raba mutane kusan goma sha biyu-biyu, kowa kwabo ɗaya a mako, shugaban rukuni ya cike na wanda bai da shi. Garin karɓar kwabon ne aka gano wane ne ba lafiya, wane ne ya ja da baya.

Ɗan Gudun Hijira:
Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. Lokacin da Boko Haram suka kama Mubi da hedkwatarmu ta Kwarhi a Oktoban 2014, Jos muka gudo. Watanni muna sujada a falon wani bawan Allah, mu kusan 20, a kan tabarma, Littafi Mai Tsarki biyu tak muke zagayawa da su. Ba abin da za a ci balle a yi gasa. Waɗannan mutanen ne suka samo mini aikin gadi, su suka ɗauki gawar mahaifiyata. Maman Biyu, kada ki bari kaza ta raba ku.

Mai Faɗin Gaskiya:
Ku yi haƙuri, ni kam na daina zuwa namu, kuma ba don abinci ba. Na roƙi addu'a kan matsalar gidana ranar Laraba, kafin Lahadi har mai sayar da gawayi ta sani. Ku gyara wannan ma.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai. Mama, na je wurin mai kajin jiya. Ashe ita ma adashinta ta ɗauka ta yi hidimar, muka yi ta dariya har da hawaye. Ta yarda za ta yi maganar ranar Laraba. Gwauruwar ban same ta ba, an ce ta tafi niƙa, gobe da safe zan koma.