Sauya ciyawar girin daga bent zuwa bamuda: ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi

Mai_Kula_da_Girin:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara tara ke nan ina kula da filin golf mai ramuka 18, kuma girin ɗinmu, wato wurin gajeriyar ciyawa da ke kewaye da kowane rami, duka ciyawar bent ce. Lokacin sanyi ba ta da na biyu, sumul kamar darduma. Amma da zafi ya kama, ga gumi, sai in rasa barci. Bara na durƙusa a girin na 6 na yanko ɗan curi da wuƙa, saiwar ba ta wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, ta yi baƙi-baƙi tana warin ruɓa. Yarana suna yawo da tiyo tun hantsi har la'asar, mun kafa fanka biyu, duk da haka gefen girin ya ƙone. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Shugabannin kulob sun ce in kawo shawara. Raina ya fi kwanciya da gajeriyar ciyawar bamuda mai jure zafi, irin su TifEagle ko Champion. Sai na tone girin gaba ɗaya, ko zan iya dasawa a kan yashin da ke nan? Tii kuma fa, wato wurin da ake fara bugun ƙwallo a kowane rami? Huɗu daga ciki suna ƙarƙashin bishiyoyi, kullum a sanƙo suke.

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba kai kaɗai wannan ciwo ya kama ba. Filin East Lake na Atlanta, zafin 2007 ya lalata musu bent gab da babbar gasarsu, a 2008 suka koma gajeriyar bamuda ta MiniVerde. Filin Pinehurst No. 2 ma sun koma Champion bayan gasar US Open ta 2014, a kanta aka buga ta 2024.

Batun tono, yashinka zai ba ka amsa. Idan an gina girin bisa tsarin hukumar golf ta Amurka (USGA), wato yashi santimita 30 a kan tsakuwa santimita 10, kuma ruwa yana wucewa, babu dalilin tono. Ka fesa maganin kashe ciyawa na gilaifoset, ka jira, ka sake fesawa, ka tsattsage saman da inji, ka huhhuda, ka watsa gutsattsarin dashe, ka rufe da yashi sama-sama. Makonni biyun farko kada dashen ya bushe ko na awa guda. Ruwa kaɗan-kaɗan, sau da yawa a wuni. Mu a mako na takwas muka buɗe. Amma in ka yanko curi ka ga baƙin layi a tsakiyar yashin, ruwa na kwanciya ke nan, sabuwar ciyawar ma gadon matsalar za ta yi.

Abin da nake son ka ji da kyau shi ne rana. Bamuda tana son wajen awa takwas na hasken rana kai tsaye. Ni na yi wannan kuskuren: girin ɗaya na bari da bishiyoyi ta gabas saboda 'yan wasa suna son inuwarsu, shekara biyu ina dasawa tana zubewa, sai da aka kawo zarto. Tun yanzu ka je kowane girin da safe, da azahar, da yamma, ka ɗauki hoto.

Injiniyar_Ruwa:

Malam, a gafarce ni, ban ji ka ambaci ruwan da kuke ban ruwa da shi ba. Ka kai shi a gwada tukuna. In da gishiri a ciki, ka duba ciyawar fasfalam ta bakin teku, mai jure gishiri. Ita aka dasa a girin ɗin filin wasannin Olamfik na Riyo na 2016, sauran filin kuma ciyawar zoyisha. Sannan kada a ce maka bamuda hutu ce. Tana tara matacciyar ciyawa a ƙarƙashinta da sauri, in ba ka yawan tsaga ta da watsa yashi, girin zai yi taushi kamar katifa, injin yanka ya riƙa kwashe mata kai.

Tsohon_Hannu:

Gaskiyar Hajiya ce, na manta da wannan. Ka ƙara da kuɗin mayafi in sanyinku yana sauka ƙasa da sifili, don idan ya kai wajen digiri 4 ƙasa da sifili sai an lulluɓe ta da dare. Tii ɗinka na inuwa kuwa, zoyisha ta fi jurewa. Aibinta ɗaya, in sanda ta ɓantare ta, tana jinkirin cikowa. Saboda haka a gajerun ramuka masu fa 3, wato waɗanda ake sa ran gamawa da bugu uku, inda kowa ke bugu da sanda mai kan ƙarfe, in akwai rana ka sa bamudar Tifway 419, tun 1960 ake amfani da ita kuma tana rufe rauni da wuri. In babu rana, ka faɗaɗa tii ɗin ka riƙa matsar da alamomin wurin bugu kullum.

Mai_Kula_da_Girin:

Allah Ya saka da alheri, Baba, ke ma Hajiya na gode ƙwarai. Jiya na zagaya da kyamara. Girin na 14 rana ba ta sauka a kansa sai ƙarfe goma sha ɗaya, ashe shekarun nan ina ta zargin ciyawa. Curin na 6 kuma akwai baƙin layin nan, wajen santimita biyar daga sama, sauran 16 lafiya lau. Ruwan ya tafi gwaji yau da safe. Zan fara da girin atisaye a bana, rabi TifEagle rabi Champion, in ga yadda za su yi a hannun yarana kafin in taɓa sauran. Baba, tsakanin feshin farko da na biyu kwana nawa kuka bari?