Neman kalma: me za mu kira "Phase I trial" na maganin ciwon daji?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara takardar amincewa da majinyaci ke sa wa hannu kafin a shigar da shi binciken sabon maganin ciwon daji, kuma gobe da safe ake son ta. Na rubuta "gwajin magani mataki na 1", amma raina bai kwanta ba. Mutumin da cutarsa ta ƙi jin magani, in miƙa masa takarda da "gwaji" a samanta, ai gani zai yi an mai da shi zakaran gwajin dafi. Ku taimaka.

Nas: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sa "bincike" kawai, ya fi taushi. Binciken sabon magani, matakin farko.

Malamin Hausa: Ga kalma a hannunmu ana ta kewaye. Sharar fage. "Sharar fagen magani". Hausa ce tsantsa, kowa ya san sharar fage ita ke zuwa kafin babban aiki.

Likita: Allah gafarta Malam, sharar fage an riga an yi ta a ɗakin bincike da kan dabbobi. Wannan mataki shi ne karon farko da maganin ke shiga jikin ɗan Adam. Kuma a ciwon daji ba a kan masu lafiya ake yi ba, galibi majinyata ne da magungunan da aka sani suka daina yi musu aiki. Yadda aka saba yi: mutum 3 a ba su awon maganin kaɗan, a zuba ido. In babu wanda ya samu illa mai tsanani, a ƙara awon ga wasu 3. In mutum 1 ya samu, a ƙaro 3 a wannan awon. In 2 suka samu, a tsaya, an wuce abin da jiki zai ɗauka. Awo ake nema da illolin maganin. Saboda haka "bincike" ma bai gamsar da ni ba, Sista, domin majinyaci na iya ɗauka shi za a bincika, kamar awon jini ko hoto.

Malamin Hausa: To ai su ukun farkon su ne masu share fagen. Sannan tun da ana gyara, a cire "ciwon daji" a sa "sankara". Wani a nan har "kansa" yake rubutawa, ka rasa ko kansa yake nufi ko cutar.

Ɗan Jarida: Malam, mu a rediyo "ciwon daji" muke faɗa, kuma ana ganewa. Kullum sai kun nuna mana ba mu iya Hausa ba.

Malamin Hausa: Ba ku ne ke ɗauko kalmar Bature ku sa mata hula ba? Harshen da bai iya raɗa wa abu suna ba, wa zai girmama shi? Larabawa da Faransawa zama suke yi su ƙirƙiro nasu.

Ɗan Jarida: Su ma aro suke yi. Asibiti da likita daga ina muka samo su?

Nas: Don Allah ku bari. Baiwar Allah gobe za ta miƙa aiki. Likita, tsorona shi ne in sun ga "gwaji" su gudu, alhali wasu na amfana.

Likita: Ana amfana wani lokaci. Maganin Gleevec, da aka fara gwadawa a Amurka a 1998 kan wani nau'in ciwon daji na jini, a matakin farkon nan ne mutum 53 cikin 54 da suka sha awo mai yawa jininsu ya daidaita, kuma a 2001 aka amince da shi. Amma irin wannan ba kullum ba ne. Na zauna da majinyata da 'ya'yansu ina karanta musu irin takardar nan, kuma tambayar farko ita ce "zai warke?" In kalmar da ke saman takardar ta riga ta amsa musu da e, mun cuce su. Tun Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin binciken lafiya a kan ɗan Adam, ake jaddada cewa sai mutum ya fahimta ya yarda. Wanda ya ga "gwaji" ya ce a'a, haƙƙinsa ne. Wanda ya shiga kuma yana iya fita duk ranar da ya so, ba tare da an daina kula da shi ba.

Mai Fassara: Na gode Likita. Zan bar "gwaji", amma ba shi kaɗai ba: "Gwajin sabon magani, matakin farko: neman awon da jiki zai iya ɗauka." Layin da ke bi masa zai ce ba a yi alkawarin waraka ba.

Malamin Hausa: Wannan jimla ce, ba kalma ba. A takardar asibiti na bari ya wuce. A aji dai "sharar fage" zan koyar. Sankara fa?

Mai Fassara: Zan rubuta "ciwon daji, wato sankara" a farkon ambato, Malam. Saura "dose-limiting toxicity", tana shafi na 4. Wa ke kusa?