Neman Shawara: Ina Atisaye Kullum, Amma Abinci Ba Ya Isata

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a aji uku a wata jami'a, ina cikin 'yan gudun mita 800 da ake shiryawa domin gasar NUGA, wato wasannin jami'o'in Najeriya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin da ake turo mini daga gida ya daina kai ni ƙarshen wata, don haka da rana gari da sukari nake sha, da dare kuma shinkafa da mai da yaji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne nauyina yana nan kilo 62, amma cinyoyina sun zube, wando yana matse ni a ƙugu, gudun kuma sai baya yake yi. Koci ya ce lalaci ne. Ina neman shawararku.

Wata ma'aikaciyar lafiya: Wa'alaikumus salam ƙanena, wannan ba lalaci ba ne. Sikeli ba ya bambanta tsoka da kitse, kuma jikin da ake wahalar da shi a fili ba tare da an ciyar da shi ba yakan koma cin tsokarsa, kitse kuma ya taru a ciki, sai nauyi ya tsaya cak alhali ƙarfi yana tafiya. Ɗan wasa yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato kai aƙalla giram 75, ga shi ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, garin rogo kuwa kusan babu komai a cikinsa. Tun 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba wannan matsala suna RED-S, kuma cikin alamominta akwai tsagewar ƙashi, da yawan mura, da ɗaukewar al'ada ga mata. Ka je asibiti a auna jininka.

Wani tsohon ɗan ƙwallo: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai batun ƙwai a bar wa masu hali. Ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar ku sayi wake da kwano a kasuwa, musamman lokacin kaka da yake araha, ku riƙa garau-garau da ɗanwake. Idan za ka sha gari, ka daka ƙuli-ƙuli ka zuba har ya rinjayi sukarin. Awara ma, wadda samari suke rainawa, waken suya ce zalla. Kuma abincinka mafi nauyi ya zama bayan atisaye, kada ka dawo daga fili ka wuce aji da ruwan leda kawai.

Wani malamin jami'a: Ni ina ganin sai an rage atisayen tukuna, domin ba a zuba wa jaki kaya alhali ba a ba shi harawa ba. Ka sami koci a keɓe, ka lissafa masa abin da ka ci a mako guda, ka roƙi a mayar da atisaye mai tsanani kwana biyu ko uku. Sannan idan jami'arku ta gwamnati ce, ka nemi rancen NELFUND, wato asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, wanda ke ba ɗalibi naira 20,000 a wata na ɗawainiya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, tsorona shi ne kada koci ya cire sunana idan ya ji haka. Ko akwai wanda ya taɓa yi wa nasa kocin irin wannan magana?